Asalin Kalmar Na'ura

Kalmar na'ura, wadda take yawan fitowa a hirar masu bin labaran fasaha da finafinan kimiyya, ta samo asali ne daga Larabci, inda take nufin babban gargaren katako da kogi yake juyawa yana ɗebo ruwan ban gona, irin waɗanda har yau suke tsaye a birnin Hama na Siriya. Masana suna danganta sunan da kukan da katakon yake yi in yana juyawa. A Hausa ma'anarta ta faɗaɗa ta game kowane inji, har aka laƙaba wa kwamfuta suna na'ura mai ƙwaƙwalwa, laƙabin da, duk da dacewarsa, ya yi wa bakin matasa tsawo.