Waƙoƙin Zamanin Showa: Tarihin Japan a Bakin Tsofaffinta

A biranen Japan akwai ƙananan shagunan shan shayi da ke buɗewa da tsakar rana, inda tsofaffi ke biyan kuɗi kaɗan su karɓi makirufo ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke rerawa shi ne waƙoƙin zamanin Showa, wato shekarun sarautar Sarki Hirohito daga 1926 zuwa 1989. Wanda ya bi waƙoƙin nan daki-daki zai ga tarihin ƙasar a cikinsu: shan kaye a yaƙi, ƙaura zuwa birni, zanga-zanga, da kuma tsufa.

Kayokyoku da enka

Kayokyoku shi ne sunan da ake kiran waƙoƙin da suka yi tashe a rediyo da faifai a wancan zamani. Enka kuwa reshe ne a cikinsu, mai tafiya a hankali, mai karkarwar murya da ake kira kobushi. Jigoginta su ne rabuwa, kewar gida, giya, tashar jirgin ruwa da sanyin arewa.

Asalin kalmar enka siyasa ce. A shekarun 1880, lokacin da masu fafutukar 'yanci ke neman a kafa majalisar dokoki, gwamnatin Meiji ta tsaurara dokokin taro da jawabi. Sai 'yan gwagwarmaya suka mayar da jawabansu waƙa, suna rerawa a bakin titi suna sayar da takardun baitocin. Da tafiya ta yi tafiya siyasar ta janye, soyayya da kewa suka maye gurbinta. Enka da aka sani yau ta tsaya da ƙafarta ne a shekarun 1960 zuwa 1970.

Waƙoƙin da suka zama shaida

Watanni kaɗan bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, waƙar "Ringo no Uta" ta Michiko Namiki ta fito a cikin wani fim. Waƙa ce mai fara'a a kan tuffa, kuma ta karaɗe ƙasar a daidai lokacin da birane ke kwance cikin toka, abinci kuma ya yi ƙaranci.

Daga shekarun 1950, jiragen ƙasa na musamman sun riƙa kwaso yaran da suka gama ƙaramar sakandare daga ƙauyukan arewa zuwa masana'antun Tokyo. Tashar Ueno ce masaukinsu, kuma a kanta Hachiro Izawa ya rera "Aa Ueno Eki" a 1964. Waɗancan yara su ne tsofaffin yau. A 1977 Sayuri Ishikawa ta fitar da "Tsugaru Kaikyo Fuyugeshiki", labarin macen da ta bar Tokyo ta nufi arewa, ta tsallaka mashigin Tsugaru a jirgin ruwa. An dakatar da wannan jirgi a 1988 bayan buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku, amma har gobe yana tafiya a bakin masu waƙar.

Wadda duniya ta fi sani ita ce "Ue o Muite Aruko" ta Kyu Sakamoto, wadda ta fito a 1961. Marubucinta, Rokusuke Ei, yana cikin waɗanda suka yi adawa da yarjejeniyar tsaro da Amurka a 1960. Zanga-zangar ta tilasta wa Firaminista Nobusuke Kishi sauka, amma yarjejeniyar ta fara aiki, kuma ana danganta baƙin cikin waƙar da wannan rashin nasara. A 1963 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, ƙarƙashin sunan "Sukiyaki", wato sunan wani abinci da ba shi da alaƙa da ita ko kaɗan. Sakamoto ya rasu a hatsarin jirgin saman da ya kashe mutum 520 a ranar 12 ga Agusta, 1985.

Sarauniyar fagen ita ce Hibari Misora, wadda aka haifa a Yokohama a 1937, ta kuma shahara tun tana yarinya. Waƙarta ta ƙarshe, "Kawa no Nagare no Yo ni", ta fito a Janairun 1989, watan da Hirohito ya rasu. Ita ma ta bi shi a watan Yuni, kuma ita ce mace ta farko da gwamnati ta ba lambar yabo ta al'umma.

Yadda karaoke ya shigo

Kalmar karaoke na nufin kiɗan da babu muryar mawaƙi a kansa. Daisuke Inoue, makaɗi a birnin Kobe, yana cikin waɗanda suka fara ƙera na'urar a wajajen 1971, kuma bai yi rajistar mallakarta ba. Da farko a mashaya ake samunta, inda ma'aikata ke zuwa bayan tashi aiki. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara keɓe ɗakuna na haya, har iyalai da ɗalibai suka shigo.

Abin da ya sa batun ke da nauyi yau

Kusan kashi 29 cikin ɗari na al'ummar Japan sun kai shekara 65 ko fiye, kuma miliyoyi daga cikinsu su kaɗai suke zaune. Mutuwar kaɗaici ta yawaita har ta samu suna, kodokushi, kuma a 2021 gwamnati ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici. Shi ya sa gidajen kula da tsofaffi ke amfani da karaoke don motsa numfashi da tunani, shagunan rana kuma suka zama dandalin da ake lura idan wani bai zo ba.

Annobar korona ta nuna girman wannan dogaro. A 2020 cutar ta ɓulla a irin waɗannan shaguna a tsibirin Hokkaido, hukumomi suka yi kira a ƙaurace musu, tsofaffi da dama suka rasa wurin da suke haɗuwa da jama'a. Ga wanda ya sauka a Ueno yana ɗan shekara goma sha biyar, ya ƙare ƙarfinsa a masana'anta, waƙar minti huɗu ita ce damar da ta rage masa ya ba da labarinsa a gaban waɗanda suka san shi.