Mashi da Garkuwa: Damben Gargajiya a Ma'aunin Tarihi

A kakar bara, bayan an kai gero rumbu, ƙanena ya same ni a zauren gidanmu a Maruda da waya a hannu. Yana kallon faɗan nan na cikin keji da ake kira UFC, inda naushi da shuri da kokawa duk suka halatta. Ya ce, "Yaya, in aka saka ɗan damben garinmu a nan, zai kai labari?" Ba tambayar raha ba ce. Shekarunsa goma sha bakwai, ya fara ɗaure hannu a ɓoye, kuma ya ƙudurta cewa dambe zai tsare shi a hanya, ya kuma fitar da shi duniya. Na yi masa alkawarin amsa, sai na koma ga abin da na karanta a jami'a, wato tarihi.

Dambe daɗaɗɗen wasa ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1824, Baturen nan mai yawon bincike Hugh Clapperton ya sauka Kano, ya ba da wuri dubu biyu don a yi masa dambe ya gani. Mahauta ne suka fito fili. Ya kuma gindaya sharaɗin kada a yi da gaske, domin an shaida masa cewa karawar takan kai ga rasa rai. Labarinsa ya tabbatar da abu biyu: dambe sana'ar rundawa ce tun kafin zuwan Turawan mulki, kuma tun wancan zamani yana da fili da 'yan kallo da makaɗa. Har yau kalangu, kiɗan mahauta, shi ke tsima ɗan dambe, kuma da shi Ɗan Anace ya dawwamar da sunan Shago da Ɗandunawa. A nan jiharmu ta Kebbi ma, bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934, yana haɗawa da dambe da kokawa.

Sunayen da ke cikin wasan suna nuna inda ya samo tunaninsa. Hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare shi ne mashi, wanda aka miƙa gaba a buɗe shi ne garkuwa, kayar da abokin karawa kuwa kisa ake ce masa. Turmi uku ake yi, kuma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Wannan doka ita ta ƙera jikin ɗan dambe. Yana tsayawa a karkace, ƙafafu a buɗe, nauyinsa a baya, yana auna tazara da garkuwa har ya sami kafar sakin naushi guda. Ya ƙware a haƙuri da karanta idon abokin gaba. Sai dai hannu ɗaya kaɗai yake duka da shi, kuma bai san abin da ake yi bayan an faɗi ba.

Damben boksin ya bi wata hanyar. Dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867 sun kawo safar hannu, da turmi na minti uku, da ƙidaya goma ga wanda ya faɗi. Tunda wanda aka kayar yana iya tashi, kuma karawa tana tsawo, sai aka koyi jera naushi da hannu biyu, da kare haɓa, da tattalin numfashi. Da wannan salo Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger kuma a 1962. Amma dokar ta hana taɓa ƙasan ɗamara, don haka ɗan boksin ba ya tsammanin shuri a cinya.

Wanda ya fi kama da namu shi ne damben Tailan, Muay Thai. Su ma igiya suke naɗawa a hannu, kafin su koma safa wajen ƙarshen shekarun 1920. Sun riƙe gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙwauri, sun kuma ƙware a duka cikin riƙo. Taikwando na Koriya, wanda Chika Chukwumerije ya samo wa Nijeriya tagulla da shi a Beijin a 2008, ya karkata ga shuri mai tsawo domin a nan maki yake. Kowane salo, ashe, ɗan dokar filinsa ne.

Da aka fara UFC a Amurka a 1993 don a ga salon da ya fi, ba mai naushi ne ya lashe ba. Royce Gracie na Barazil, gwanin shaƙa da murɗe gaɓa a ƙasa, shi ya yi nasara. 'Yan Nijeriya biyu da suka ɗauki kambu a 2019 sun ƙara fito da darasin. Kamaru Usman daga kokawa ya fito, ya koyi naushi daga baya. Israel Adesanya mai naushi da shuri ne, amma sai da ya koyi hana a kayar da shi. Ɗan damben da ke son shiga keji dole ya kwance mashinsa, ya koya wa garkuwarsa duka, sannan ya durƙusa wa 'yan kokawa, waɗanda ba mu rasa su ba daga Argungu har Dosso.

Batun kare kai kuwa, a gida na koye shi. Kawunmu ya yi dambe a ƙuruciyarsa, bahago ne da ake shakka a ƙauyukan Gwandu. Wata rana da almuru, yana dawowa daga cin kasuwa ta wajen Kalgo, mutum biyu suka tare shi. Ya saki hagu, na farko ya zube. Sai ya ja da baya ya sauke hannu, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, domin a fili ba a dukan wanda ya faɗi. A wannan dakatawar na biyun ya sauke masa gora a kafaɗa. Har yau hannun ba ya ɗaguwa sama da kunne. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Ɗana, jikina ya ɗauka an yi kisa, yana jiran a raba." Ɗabi'ar da ta sa dambe ya zama wasan mutunci, ita ce ta bar shi a buɗe inda babu alƙali.

Wannan bai rage darajar dambe a idona ba. Al'ummar da ta ɗauki faɗan da Clapperton ya ji tsoron ya zama ajali, ta yi masa iyaka da turmi da mai rabawa, ta yi aikin hankali. Kuskuren shi ne a nemi wasan ya biya buƙatar da ba don ita aka gina shi ba.

Na kai ƙanena wurin kawu, na bar su su biyu. Ban san duk abin da suka tattauna ba, amma ya daina ɓoye zarensa. Yanzu yana zuwa fili da sanin mahaifinmu, ranar Juma'a kuma yana bin 'yan kokawa. Kawu ya kafa masa sharaɗi guda kafin ya koya masa tsayuwa: in aka tare shi a hanya, ya miƙa abin da ke aljihunsa ya dawo gida.