Takobi a ƙasar Katsina

Takobi (jam'i: takubba), wanda ake kuma kira kansakali, makamin hannu ne mai miƙaƙƙen ruwa da kaifi biyu, tsawonsa yakan kai kusan mita ɗaya. Hausawa da Buzaye suna amfani da siga iri ɗaya. A ƙasar Katsina takobi makamin barade ne da masu sarauta, yayin da manoma da mafarauta suka fi riƙon gora, barandami, wuƙa da kwari da baka.

Ƙira

Takobi ɗaya yakan bi ta hannun masu sana'a uku. Maƙerin baƙi ne ke ƙera ruwan, maƙerin fari ya yi wa ƙota ado da tagulla ko azurfa, baduku kuma ya ɗinka kube na fata. Ana rataya shi a kafaɗa da hamila, ba a ɗaure shi a ƙugu.

Zane da ma'anarsa

Da yawa daga cikin tsofaffin takubba ba a nan aka ƙera ruwansu ba. Fatake ne suka riƙa kawo su ta hamadar Sahara daga Turai, musamman daga garin Solingen na ƙasar Jamus, ɗauke da tambarin maƙeran can, kamar jinjirin wata biyu masu fuska ko siffar zaki. A Turai waɗannan alamu shaidar maƙeri ce kawai. Da suka iso nan sai aka ɗauke su shaidar ƙarfe mai kyau, har ma alamar sa'a da kariya ga mai riƙe da shi. Saboda haka maƙeran gida suka riƙa buga irinsu a kan nasu aikin, abin da ya sa ganin jinjirin wata kaɗai bai isa a ce takobi ɗan Turai ba ne.

Wani nau'in adon shi ne rubutun Larabci. Wannan ya bambanta da al'adar Mawori na ƙasar New Zealand, waɗanda ke sassaƙa fuska mai fitar da harshe a kan sandarsu ta yaƙi, taiaha, don nuna ƙalubale ga abokin gaba. Maƙeran Hausa ba su cika sassaƙa mutum-mutumi a kan makami ba. Sun fi karkata ga rubutu da zanen layuka. Inda al'ummomin biyu suka yi kama shi ne raɗa wa makami suna da gadar da shi.

Gajere

Takobin da ya fi shahara a Katsina shi ne Gajere, wanda ke cikin kayan sarauta a fada. Ana danganta shi da Sarki Muhammadu Korau na ƙarni na 15. Tarihin baka ya ce Korau ya fito ne daga 'Yandoto, kusa da Tsafe a kan hanyar Funtua zuwa Gusau, kuma da Gajere ya kashe Sanau na zuriyar Durɓawa ya karɓi mulki. A gefe ɗaya na ruwansa akwai rubutu kan nasara daga Allah, ɗaya gefen kuma ya ambaci Sayyidina Ali da takobinsa Zulfiƙar. Akwai kuma wani takobin sarauta mai suna Bebe, wanda aka ce an ƙwato shi daga Gobirawa a yaƙi.

A yau

Yanzu an fi ganin takobi a hawan sallah, lokacin da hakimai irin su Galadiman Katsina daga Malumfashi da Sarkin Maska daga Funtua ke zuwa jafi da mahayansu. Yawancin waɗanda ake ƙerawa na ado ne. A ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ɗandume kuwa, matsalar 'yan bindiga ta sa 'yan sa-kai sun koma ɗaukar wuƙa, gora da adda tare da bindigar maƙera.