Daga Rabin Lambar Kulorin zuwa Ƙidayar Kabon

A shekarar 1815, likitan Ingila William Prout ya kawo ra'ayin cewa nauyin ƙwayar zarra ta kowane sinadari ninki ne na nauyin haidurojin, saboda haka dole ya zama cikakkiyar lamba. Kulorin ya ƙi bin wannan ƙa'ida: ingantaccen awo kusan 35.5 yake bayarwa. Rabin lambar nan ta yi shekara ɗari tana ɗaure wa masana kai.

Francis Aston ne ya warware matsalar. A 1919, a ɗakin binciken Cavendish da ke Kambirij, ya ƙera na'urar da ke rarrabe ƙwayoyin zarra gwargwadon nauyinsu. Da ya gwada kulorin, sai layuka suka fito a farantin hoto a 35 da 37. Ashe kulorin gauraye ne na aisotop biyu, wato sinadari guda mai nauyi iri biyu. Mai sauƙin kashi uku cikin huɗu ne, mai nauyin kashi ɗaya, matsakaicinsu kuwa 35.5. Aston ya sami kyautar Nobel a 1922.

Sai dai farantin hoto ya fi ƙwarewa wajen nuna inda layi ya faɗa, bai cika faɗin yawan abin da ya faɗa a wurin ba, domin duhun layi ba ya ƙaruwa daidai da yawan ƙwayoyin. Alfred Nier na Jami'ar Minnesota a Amurka ya inganta awo da lantarki, inda kowane aisotop ke fitowa kamar tsauni, tsayinsa na nuna yawansa. A 1950 ya wallafa ingantattun alƙaluma na kabon, naitirojin da iskar oksijin.

Daga nan tsayin tsauni ya zama hanyar ƙidaya. Kusan kashi 1.1 cikin 100 na kabon aisotop mai nauyin 13 ne. Kafur na da ƙwayar kabon 10 da nauyin 152, don haka ƙaramin tsaunin da ke 153 zai kai kusan kashi 11 cikin 100 na babban. In an raba 11 da 1.1, adadin kabon ya fito. Kulorin ɗaya kan bar tsaunuka biyu, 3 da 1. Biyu kan bar uku, 9 da 6 da 1.

Da irin wannan lissafi ɗakunan bincike ke tantance magunguna da ragowar maganin ƙwari a abinci a yau.