Goggo da Inna a Tarihin Riƙon 'Ya'ya a Ƙasar Hausa

Rubutaccen tarihin ƙasar Hausa ya fi karkata ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, alhali kuwa babban kaso na aikin da ya riƙe al'umma a cikin gida aka yi shi, kuma a hannun matan da ba su ne suka haifi yaran da suka raina ba. A sahun gaba na waɗannan mata akwai goggo, wato 'yar'uwar uba, da inna ko iya, wato 'yar'uwar uwa, waɗanda al'ada da shari'a suka haɗu wajen ɗora musu nauyin tarbiyya.

Tushen wannan matsayi shi ne riƙo, wato al'adar miƙa yaro ga wani daga cikin dangi ya raine shi har ya aurar da shi, ba tare da an canza masa uba ko an raba shi da gadonsa ba. Dalilai da dama ne suka raya al'adar. Akwai kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na farko ko nuna masa so a gaban mutane, don haka sai a nemi wadda za ta ja shi a jiki ba tare da wani nauyi ba. Akwai yaye, lokacin da ake ɗauke yaro daga nono yana kusan shekara biyu a kai shi wurin kaka ko goggo, sau da yawa kuma daga nan ya zauna ke nan. Sannan akwai mutuwar uwa, da mutuwar aure, da kuma tausaya wa 'yar'uwar da Allah bai ba haihuwa ba, wadda ake ba ta ɗa don kada ɗakinta ya zama kango.

Da Musulunci ya kafu, sai fiƙihun Malikiyya ya ƙara wa al'adar ƙarfi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan malamai, ya bayyana cewa haƙƙin raino, wanda malamai ke kira hadana, yana komawa ga kaka sannan ga 'yar'uwar uwa idan uwa ta rasu ko ta yi wani aure. Malamai kan kafa hujja da hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da 'yar Sayyidina Hamza, inda ya miƙa ta ga gidan Ja'afar saboda matarsa innar yarinyar ce, ya kuma daidaita matsayin inna da na uwa. Sai dai shari'a ba ta yanka wa goggo ko inna wani rabo ƙayyadadde a gadon ɗan da ta raina ba, abin da ke nuna cewa hidimar tasu ta zumunci ce da neman lada.

An fi ganin girman wannan hidima a lokacin aurar da 'yar riƙo. Tun yarinya tana ƙarama goggo ke fara tara mata kayan ɗaki daga ribar sana'ar cikin gida, kamar kaɗi da kitso da suyar ƙosai da ƙuli-ƙuli, tana zuba adashi, tana sayen tasa ɗaya yau, kwano ɗaya gobe, tana turawa ƙarƙashin gado. Idan biki ya zo, da ita ake sa lalle, ita ke tsayawa a kan jere da haɗa gara, wato kayan abincin da dangin amarya ke kai wa gidan ango, kuma tana cikin masu raka amarya ɗakinta su yi mata nasihar haƙuri. Idan zama ya yi tsami har amarya ta yi yaji, sau da yawa gidan goggo take nufa, can kuma miji ke zuwa biko, domin ita ce ke iya faɗa wa kowane ɓangare gaskiya ba tare da kunyar da ke ɗaure bakin iyaye ba. Ta hannunta ne kuma ake ƙulla auren zumunci tsakanin taubasai, wato 'ya'yan mace da na ɗan'uwanta namiji.

Rubuce-rubucen da suka adana rayuwar irin waɗannan mata kaɗan ne, shi ya sa suke da daraja. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 ta rasu a 1951, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan wasu, kuma labarin nata cike yake da bayanin yadda yara ke zagayawa tsakanin gidajen dangi. A gidan sarauta kuwa akwai Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ƙanwar Muhammadu Bello, kuma goggon Aliyu Babba wanda ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1842 zuwa 1859. Ta rubuta marsiyyoyi, wato waƙoƙin ta'aziyya, ga danginta da aminanta, ta kuma faɗaɗa aikin raino ya wuce gidansu ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru, inda take naɗa masu muƙamin jaji, wato shugabannin mata masu kai karatu ƙauyuka.

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 al'adar ta fara sauyawa. Ƙaura zuwa birane, da zaman gidajen haya, da aikin albashi, da yaɗuwar makarantun boko musamman bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 a Nijeriya, duk sun sa iyaye sun fi son riƙe 'ya'yansu da kansu. Gaskiya ne kuma cewa ba kowane riƙo ne ya yi daɗi ba, domin an samu 'yan riƙon da aka mayar 'yan aiki da talla aka hana su karatu, wannan ma ya rage wa al'adar farin jini. Duk da haka, har yau idan mutuwa ta bar marayu, goggo da inna ne kan fara buɗe ƙofa, kuma ana saka musu ta hanyar mayar da sunansu ga jarirai, a riƙa kiran takwarar da laƙabi saboda girmamawa.

Tunda zumunta a ƙafa take, yawancin abin da waɗannan mata suka yi bai shiga takarda ba, yana bakin waɗanda suka ci tuwon hannunsu ne kawai. Wajibi ne a kan masu nazarin tarihi da kuma iyalai su tattara waɗannan labarai tun masu ba da su suna raye, domin tarihin Hausawa ba zai cika ba matuƙar an lissafa waɗanda suka mulki garuruwa aka manta da waɗanda suka raini mutanen cikinsu.