Masarar da Aka Sauya wa Ƙwayar Halitta: Aikin Hukuma Bayan An Ba da Izini

A watan Janairun 2024 kwamitin ƙasa mai rajista da sakin sababbin irin shuka a Najeriya ya amince da nau'i huɗu na masarar TELA, wato SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta yi aikinsu tare da gidauniyar AATF ta Nairobi. Tun a 2021 hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa kula da duk halittar da aka sauya wa ƙwayar gado, ta ba da izininta. Ba a kai rabin shekara da sakin irin ba, a watan Mayu, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata har sai an yi bincike. Daga nan muhawara ta tsaya a kan tambaya guda: a ci, ko kada a ci? Ina ganin ba a nan gizo ke saƙa ba. Haɗarin da tarihin wannan masara ya tabbatar a gona yake, kuma bayan an ba da izini yake ɓullowa, daidai lokacin da hukumomi suka saba naɗe tabarmarsu.

Dole ne a fara da abin da ya sa manomi zai so irin. A 2016 wata tsutsa 'yar asalin nahiyar Amurka ta bayyana a Afirka ta Yamma, cikin shekaru kaɗan ta game nahiyar. Malam-buɗe-littafinta na dare yana saka ƙwai a ganye, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige can cikin zuciyar masara inda sabon ganye ke naɗe. Manomi zai leƙa da safe ya ga ganye ya huhhuje, ga kashinta kamar dusa ya cika wurin. Feshi ba ya kai mata sosai a maɓoyar nan, shi ya sa ake maimaita shi, sau da yawa yaro ne ke goye da tankin, ba safar hannu ba takunkumi. Masarar Bt kuwa, wadda TELA na cikinta, an sa mata ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, sai shukar kanta ta riƙa yin wani furotin da ke ɓula hanjin irin waɗannan tsutsotsi idan sun ci. Wanda ya ga gonarsa ta lalace kafin masara ta yi goyo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin wannan.

Game da ci, hujjar da ke hannu ba ta goyi bayan fargabar da ake yaɗawa ba. Tun 1996 ake noma masarar Bt a Amurka, tun 1998 a Afirka ta Kudu, inda farar masara ce abincin yau da kullum. A 2016 cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka suka fitar da babban rahoto bayan nazarin ɗaruruwan bincike, ba su sami tabbatacciyar shaida cewa amfanin gonar da aka sauya ya fi na gargajiya illa ga lafiyar mutum ba. Sai dai masu tallar fasahar kan ɗauki wannan rabin su bar ɗayan, domin rahoton nan ɗin ya ce ƙwari da ciyayi sun riga sun fara jure wa waɗannan iri, kuma babbar matsala ce ta noma.

Yadda juriyar ke samuwa ba wani sirri ba ne. A cikin miliyoyin tsutsotsi akan sami 'yan ƙalilan da furotin ɗin ba ya kashewa. Idan duk gonakin yanki Bt ne, su kaɗai za su rayu, su auri junansu, 'ya'yansu su gaji taurin. Maganin da masana suka fitar shi ne mafaka: a ware wani yanki a shuka masara ta gargajiya, domin tsutsotsi marasa juriya su yi yawa, su haɗu da masu juriyar, zuriyar ta fito mai rauni. A Amurka hukumar kare muhalli ta wajabta kashi 20 cikin 100 na gona ga masara mai furotin guda. Afirka ta Kudu ma ta kafa sharaɗi, kashi 5 ba tare da feshi ba ko kashi 20 da feshi, amma a shekarun farko manoma da yawa ba su bi ba, kuma ba wanda ya bi sawunsu. A 2007 aka ba da rahoton cewa tsutsar da ke huda kara ta daina mutuwa a gonakin ban ruwa na yankin Christiana, daga nan abin ya bazu. Ita kuwa baƙuwar tsutsar da ta shigo mana, an riga an ga ta karya wani furotin na Bt a Fotoriko wajen 2006, sannan a Brazil bayan 'yan shekaru. Duk waɗannan iri sun haye tantancewa, an ba su izini bisa ƙa'ida. Abin da ya gaza shi ne kulawar bayan izini.

To idan manoman Afirka ta Kudu masu ɗaruruwan hekta da rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin iri sun yi sakaci da mafaka, me za a ce wa manomin Saminaka ko Funtuwa mai hekta ɗaya, wanda ya sayi irin da tsada, sannan a ce ya bar wa tsutsa kunyoyi? Ribar mafaka ta jama'a ce, asararta kuwa tasa ce shi kaɗai, kuma wannan shi ne ainihin irin wurin da kasuwa ba ta gyarawa sai hukuma. Ga kuma al'adar ajiye iri. TELA irin aure ce, wadda ake so a saya sabuwa kowace damina, amma manomi da yawa zai zaɓi manyan zangarku ya rataye don baɗi, ko ya auno a kasuwa ya shuka. A zuriya ta biyu halayen sukan rarrabu, wata shukar na da furotin wata babu, ga iska na ɗaukar ƙurar fure daga gona zuwa gona. Gona mai irin wannan gauraye, inda tsutsa ke ɗanɗana guba ta koma kan shuka mara guba ta farfaɗo, makaranta ce ta koyon juriya.

Masu goyon bayan fasahar suna da amsa mai nauyi. Sukan ce gonakinmu ƙanana ne kuma a cakuɗe, ga dawa ga gero ga masarar gargajiya ta maƙwabta, don haka mafaka ta riga ta samu ba tare da doka ba, kuma duk sharaɗin da aka ƙara kuɗin iri zai ƙara wa talaka. Wannan gaskiya ne a yau, da irin bai yaɗu ba. Amma nasarar irin ita ce za ta cinye wannan mafaka, domin a yankunan da masara ta mamaye, idan ya yi kyau bana kowa shi zai nema baɗi. Mafakar da ba a auna ba, ba a san ranar da za ta ƙare ba, ba za a kira ta tsari ba. Kuɗin sa ido kuwa kaɗan ne in aka gwada shi da na rasa fasahar ɗungurum.

Sai batun juriyar maganin ciyawa, wanda bai kamata a haɗa shi a buhu ɗaya da na ƙwari ba. TELA ba don wannan aka yi ta ba, amma tun a 2016 NBMA ta ba kamfanin Monsanto izinin gwajin killace na masarar NK603, mai jure maganin ciyawa na gilaifoset, da wadda ta haɗa wannan hali da na Bt. Masarar Bt tana iya rage feshin maganin ƙwari. Mai jure maganin ciyawa kuwa amfaninta gaba ɗaya shi ne a yi feshi a kanta tana tsaye. A Amurka hakan ya sauƙaƙa noma, sannan ya haifar da ciyayin da gilaifoset ba ya kashewa, har manoma suka koma ga tsofaffin magunguna. A nan akwai ƙarin abin dubawa. Manominmu yakan sa wake ko gyaɗa ko kabewa a tsakanin masara, mata kuma na tsinko lalo da gasaya da ke fitowa da kansu a kunya. Gilaifoset bai san wake ba, bai san lalo ba. Na yarda noman fartanya wahala ne, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, kuma manoma sun riga sun rungumi maganin ciyawa kafin shuka. Duk da haka tantancewar da aka yi wa gonar masara zalla a wata nahiya ba ta amsa tambayar gonar da ake yi wa gicci ba, kuma hukuma ce za ta nemi a amsa ta a nan kafin ta sa hannu.

Akwai masu cewa tunda kulawa ta yi wuya, a haramta kawai, kamar yadda gidauniyar HOMEF ta Nnimmo Bassey ta daɗe tana kira. Shakkarsu a kan ƙarfin hukuma tana da tushe, amma haramci ma sai da ƙarfin hukuma yake aiki. A Amurka an ba masarar StarLink izini a 1998 don abincin dabbobi kaɗai, a 2000 aka same ta a abincin mutane, aka yi ta janye kaya daga kantuna. Idan hakan ta faru a can, hatsin da ake aunawa da tiya a Dawanau, a loda shi zuwa Maraɗi, ba takardar da za ta raba shi. Haramci zai bar manomi da tankin feshinsa, ya kuma tura irin zuwa hannun 'yan sumoga inda ba mai ƙirga shi.

Abin da ya rage shi ne a gina sharuɗɗan a jikin izinin. A ba da shi na ƙayyadaddun shekaru, sabuntawa kuma ta dogara da sakamakon gwajin tsutsotsin da aka tattaro daga gonaki kowace damina, a wallafa sakamakon kowa ya gani. Mai riƙe da izinin ya biya kuɗin gwajin, amma masanan da ba su da hannu a samar da irin su yi shi. Mafaka a mai da ita ta gari ko ta ƙungiyar manoma, a ba da irinta kyauta tare da buhun, tunda gauraya iri a buhu guda, wanda ake yi a Amurka, masana na jayayya a kan ingancinsa ga tsutsar da ke yawo daga kara zuwa kara. A kuma rubuta tun yanzu matakin juriyar da idan aka kai za a janye irin daga yanki, da wanda zai ba da umarnin, da irin da za a ba manoma a madadinsa kafin ruwan shuka ya sauka.