Transaqua: Tarihin Shirin Janyo Ruwan Kwango Zuwa Tafkin Chadi

Transaqua sunan wani shiri ne na haƙa tafkekiyar hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 2,400, wadda za ta taso daga gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta ratsa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta zuba a Kogin Shari, shi kuma ya kai ruwan Tafkin Chadi. Aiki biyu aka yi nufin ta yi: ta cika tafkin da ya janye, ta kuma zama hanyar jiragen dakon kaya a tsakiyar nahiyar da ke fama da rashin titi da layin dogo. Har yau ba a fara haƙa ba.

Fari ne ya haifi shirin. A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, kududdufin arewa da na kudu, sannan na 1984 ya ƙarasa ɓarnar, har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Garuruwan masunta irin su Baga da Ngigmi suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Inda jiya ake tura kwale-kwale, yau masara da wake ake shukawa. Babban aikin noman rani da Najeriya ta kafa a yankin Marte, wanda aka haƙa wa magudana don ya sha daga tafkin, ya tsaya cik, domin ruwan ya gudu ya bar bakin magudanar a tudu.

Ana cikin wannan hali ne injiniyoyin kamfanin Bonifica na ƙasar Italiya, ƙarƙashin jagorancin Marcello Vichi, suka fito da zanensu tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Ba su ne farkon masu wannan tunani ba, domin tun a shekarun 1930 Bajamushe Herman Sörgel ya yi mafarkin datse Kogin Kwango ya malalo da shi arewa. Amma dabarar Italiyawan ta fi tasa hankali. Ba uwar kogin za a taɓa ba. Magudanar za ta bi gefen tudun da ya kewaye kwarin Kwango ta arewa maso gabas, tana tare ƙananan kogunan da ke gangarowa, tana karɓar wani kaso daga kowanne, ruwan kuma ya riƙa tafiya da kansa bisa gangara, ba famfo ba inji. Sun ƙiyasta kubik mita biliyan 100 a shekara, abin da bai kai kashi goma cikin ɗari na ruwan da Kwango ke zubarwa a teku ba. Suka ƙara da madatsun lantarki, da tashar jiragen ruwa a inda magudanar za ta haɗu da titin Legas zuwa Mombasa.

Wannan haɗa buri biyu shi ne kwarjinin shirin, shi ne kuma nauyinsa. Magudanar da za ta ɗauki jirgin kaya dole ta yi faɗi da zurfi, ta kuma riƙe ruwa rani da damina, kuɗinta kuwa sai ya ninka na magudanar ban ruwa zalla. Shi ya sa Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, ta daɗe tana karkata ga ƙaramin shiri: a datse Kogin Ubangi a Palambo a turo ruwan arewa. Kamfanin CIMA na Kanada ya kammala nazarin wannan a 2011.

Transaqua ya sake ɗago kai a 2016, lokacin da hukumar ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin PowerChina na ƙasar Sin. A Fabrairun 2018, taron ƙasa da ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya karɓi baƙuncinsa a Abuja ya zaɓe shi a matsayin mafita, ana maganar dala biliyan 50, Italiya kuma ta yi alƙawarin yuro miliyan 1.5 don nazari.

Sai dai masu ruwan ba su yarda ba. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ba ta cikin hukumar, 'yan majalisarta kuma sun fito fili sun ce ba da su aka yi shawara ba, suna tsoron abin da zai sami madatsun lantarki na Inga da dazuzzukansu. Suna da gaskiya a nan. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Masana ma sun rabu. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin ya daina ƙanƙancewa, yana cika yana janyewa ne gwargwadon damina, kuma ƙasar da yake bari idan ya janye ita ke ciyar da manoma da makiyaya masu yawa. Wasu na ganin gyaran rabon ruwan Kogin Komadugu Yobe, wanda madatsun Tiga da Challawa suka rage wa ƙarfi, ya fi kusa da hannu. A yankunan da magudanar za ta ratsa kuwa, daga Kibu a gabashin Kwango har Afirka ta Tsakiya, ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai ne ke riƙe da wurare da dama.